Wa Ya Yi Laifi, Kafaɗa Ko Riga?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan kwanan ɗalibai maza a makon da 'yan ajin ƙarshe ke kare kundin bincikensu, ya san abin da za mu faɗa a wannan shafi. Tun da magariba za ka ga ƙato yana bi ɗaki-ɗaki yana cigiyar kwat. Wannan ya miƙo tasa, a zura hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga. Wancan ya miƙo tasa, kafaɗa ta shiga da ƙyar, maɓalli ya ƙi haɗuwa. Can sai a samo ta wani mai tumbi, ta shiga lafiya lau, amma daga ƙirji zuwa ƙasa sai ka ce an rataya buhu a jikin turke. 'Yan ɗaki su yi ta dariya, shi ma ya taya su don dole. Gari na wayewa zai tsaya gaban malamai da baƙon mai jarrabawa, hannuwansa a manne da jiki kamar wanda aka ɗaure, yana tsoron nuna allo kada hammata ta yage. Wahalar karatun shekara huɗu tana bakinsa, hankalinsa kuwa yana kan zare.

Mu da muke rubuta wannan, muna cikin waɗanda ake yi wa dariyar. Wasunmu 'yan ƙwallon kwando ne, wasu 'yan guje-guje, wasu masu ɗaga ƙarfe a bayan ɗakunan kwana, wasu kuma ba su taɓa shiga filin wasa ba, garma da galma da ɗaukar dami ne suka ƙera su tun suna ƙauye. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙira: faɗin kafaɗa, cikar ƙirji, kaurin damtse da cinya, sannan siririn ƙugu. Hausawa na kiran wannan ƙirar ƙarfi, wasu su ce ƙirar zaki, kuma a iya saninmu ba zagi ba ne. To yaya aka yi abin da makaɗan dambe da na noma suke wasa mazaje da shi ya zama abin kunya a bakin kanti? Wannan ita ce tambayar da muke son ɗalibai da ƙananan ma'aikata su tsaya su dube ta da idon basira.

Bari mu fara da lissafi, don kada a ce ƙorafi ne kawai na samari masu son ado. Kwat ɗin kanti da wandonta ana yanka su ne a kan wata ƙa'ida da masana'antun Ingila da Amurka suka daɗe a kanta: tsakanin awon ƙirji da awon ƙugu a bar tazarar inci 6. Wato kwat mai lamba 40 tana zuwa da wando mai ƙugu 34, mai lamba 44 kuma da wando mai ƙugu 38. To ɗauki ɗaya daga cikinmu, mai ƙirji inci 44 da ƙugu inci 32. In ya bi ƙirjinsa, ya sami wando da ya fi ƙugunsa da inci 6, sai ya tattare shi da bel kamar bakin jakar kuɗi. In ya bi ƙugunsa, ya sami kwat mai lamba 38, wadda ta gaza ƙirjinsa da inci 6. Ko ta ina ya bi, inci shidan nan na jiransa. Su kansu masu sana'ar a can sun san da wannan matsala, shi ya sa suke da wani yanka na daban mai tazarar inci 8 ko fiye, domin 'yan wasa. Amma wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko irin wannan ya kawo mana, alhali abin da ya fi saurin tafiya yake nema?

Daɗin daɗawa, lambobin ma ba bakinsu ɗaya ba. Abin da Ingila da Amurka ke kira 40, ƙasashen Turai irin su Italiya da Jamus 50 suke ce masa. Rigar da aka rubuta wa XL a Sin sau da yawa ba ta kai XL ta Amurka girma ba. Duk waɗannan kuwa a rumfa ɗaya ake jibge su a kasuwanninmu, mai rumfa ya ɗaga riga sama, ya dube ka, ya dube ta, ya ce, "Alhaji, wannan kamar don kai aka yi ta." Ba wurin gwaji, ba a mayar da kaya. Sai ka je ɗaki ka tarar wuyan ya yi daidai, hannu ya tsaya a tsakiyar damtse ya ce ba inda za shi.

Daga ina wannan ƙa'ida ta fito? Tarihin sana'ar ya nuna cewa awon maza na bai-ɗaya ya kafu ne a lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, sa'ad da aka bukaci ɗinka wa dubban sojoji kaki cikin gaggawa. Aka auna su, aka lura cewa awon sassan jiki yakan tafi tare, aka karkasa mutane rukuni-rukuni. Keken ɗinki, wanda Isaac Singer ya yi wa rajista a 1851, ya riga ya samu, sai sana'ar ɗinkakkun kaya ta bunƙasa bayan yaƙin. Dabara ce mai kyau ga mai masana'anta, domin tana rage masa ɓarnar yadi da ɓata lokaci. Amma a lura da abin da ta yi: ta ƙirƙiro wani mutum na tsaka-tsaki wanda babu uwar da ta haife shi, ta ce kowa ya shiga rigarsa. Wanda ya shiga, shi ne daidai. Wanda bai shiga ba, jikinsa ne ke da aibu. Mu kuma da aka kawo mana wannan hukunci daga ƙetare, sai muka karɓe shi hannu bibbiyu, har ɗalibi mai lafiya da kuzari yana cewa zai rage motsa jiki don rigunansa sun daina shigarsa. Kaico!

Abin takaicin shi ne, ƙasar da wannan ke faruwa a cikinta ba baƙuwar tufa ba ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da ɗinki, ya kuma bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. A shekarar da Singer ke rajistar kekensa, kakanninmu suna tufatar da mutanen da ba su taɓa gani ba a ƙetaren Sahara, kuma ba a ji Buzu ya dawo da riga don kafaɗa ta ƙi shiga ba. Me ya sa? Saboda hikimar yankan ce ta bambanta. Babbar riga a kafaɗa take hawa ta zubo, ba ruwanta da ƙirjinka ko cikinka. Taguwa da 'yar shara suna da sarari, kuma masu ɗinkin da sukan saka ɗan ƙyalle a ƙarƙashin hammata don hannu ya ɗagu ba tare da rigar ta bi shi ba. Wandon buje kuwa, hantsarsa ta ishi mahayin doki ya wara ƙafa, ƙugunsa kuma zariya ce ke yanke hukunci, ta ɗaure siriri, ta ɗaure mai ƙiba. Tufa ce da aka yi wa mutumin da ke noma, yana hawa, yana durƙuso, yana zama a tabarma. Sai ka je Jamhuriyar Nijar, inda ake gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi tun daga 1975, ka ga yadda ake sa wa zakaran gasa babbar riga da rawani a tsakiyar fili. Ƙato ne mai wuya kamar turmi, amma ba a taɓa dakatar da biki don rigar ta ƙi shiga ba.

Ba muna cewa kowa ya zubar da ƙananan kaya ba. Mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje ko gaban inji ba zai yi da babbar riga ba, mun sani. Ɗan wasa dole ya sa rigar wasa. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da kwat ma'aunin hankali da wayewa. Wa ya ce ilimin tattalin arziki ba ya fitowa daga bakin mai kaftani? A watan Oktoba na 1960, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi da Turancin da Turawa da kansu suka yaba. A daren 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah da rigar saƙin arewacin Gana ya shelanta 'yancin ƙasarsa. Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya umarci ma'aikatan gwamnati su sa saƙin ƙasarsu. Gana kuma a 2004 ta keɓe ranar Juma'a don sa tufafin gida a ofisoshi. Amma yau, a cikin zafin Afrilu, a garin da kwalta ke narkewa, za ka ga saurayi ya shaƙe wuyansa da taye, gumi ya jiƙa kwat ɗin aro, yana jiran a kira shi ganawar neman aiki, don wani ya raɗa masa cewa in ya zo da manyan kaya za a ɗauke shi baƙauye. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Za a ce mana, to ai ga gwanjo, ga araha, ga zaɓi. Gaskiya ne, kuma ba mu da bakin zagin wanda ya je Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna ya tsugunna gaban dila. Mu ma can muke zuwa, domin kuɗin ɗalibi bai wuce na garin kwaki da hoton takardu ba. Har ma mukan ci sa'a a gwanjo fiye da kanti, tunda a cikin dila akan tsinci rigar wani ƙaton Bature. Amma a dubi abin da wannan ke nufi. Saurayin da ya fito daga ƙasar auduga, daga Funtuwa ko Gusau ko Malumfashi, yana fata wani mai irin jikinsa a wata ƙasa ya gaji da rigarsa ya yar, don shi ya sami abin sawa. A unguwar Kakuri ta Kaduna aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, wasu suka bi sahu, har Kaduna ta zama garin masaƙu, dubban iyalai suna ci daga jiniyar canjin aiki. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, faɗuwar naira ta sa kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsayar da aiki a 2007. Ƙasar da ta rasa masaƙa ba za ta yi mafarkin masana'antar ɗinkakkun kaya da za ta auna 'ya'yanta ta yanka musu daidai da jikinsu ba. Saboda haka matsewar hammatar ɗan ajinmu da ciyawar da ta rufe harabar masaƙun Kakuri, uwarsu ɗaya.

Za a kuma ce mana, to me ya hana ku zuwa wurin tela? A nan ne za mu juyo kan namu, domin laifi tudu ne, kuma ba za mu taka namu mu hango na Bature kaɗai ba. Tela shi ne maganin wannan ciwo, kuma albarkar da muke da ita ke nan wadda ɗalibin Landan ba shi da ita: a can ɗinkin awo sai attajiri, a nan kuwa kowace unguwa da shagon ɗinki. Amma je ka ba da ɗinki ka ga yadda ake awo. A ɗora tef a kafaɗa, a ja shi zuwa gwiwa, a ja zuwa wuyan hannu, a zagaya wuya, shi ke nan, an rubuta a bangon littafi ko a gefen yadin da alli. Ƙirji fa? Damtse fa? Cinya da hantsa fa? Sai maigida ya ce, "Bar shi, na gan ka ai." Ranar karɓa, in an cika alkawari ke nan, sai ka tarar an yi maka ɗinkin mutumin tsaka-tsakin nan da muka baro a kanti, an dai canza masa yadi. Abin ya ƙara muni da yayin ɗamammen kaftani ya shigo, aka rage sarari, aka tsuke hannu da ƙafar wando, aka watsar da ƙyallen hammata don wai tsohon yayi ne. Ga shadda ba ta miƙewa. Mai ƙirar ƙarfi ya sunkuya ɗaukar biro, sai ka ji ƙyat! Mun kwaikwayi matsin kwat, ba mu kwaikwayi awon da masu kwat na gaskiya suke yi ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Akwai kuma laifin 'yan'uwanmu masu ɗaga ƙarfe, kada su ce mun rufa musu asiri. Wasunsu da gangan suke sayen rigar da ta gaza su, don a ga abin da suka tara. Wannan ba dacewar tufa ba ce, talla ce. Rigar da ta dace ita ce wadda ɗinkin kafaɗarta ya tsaya a ƙarshen ƙashin kafaɗa, maɓallanta suka haɗu ba tare da yadin ya yi baki ba, yatsa biyu suka shiga tsakanin kwala da wuya, mai ita kuma ya iya miƙa hannu gaba, ya zauna, ya tsugunna, bai tuna da ita ba. Tufar da ke tuna maka da kanta kowane minti, ko don matsi ko don yawa, ba taka ba ce.

To ina mafita? Kafin a gyara ƙasa, ga abin da wahala ta koya mana, mun bayar kyauta. In za ka sayi riga ko kwat, a kanti ko a gwanjo, bi kafaɗa da ƙirji, ka manta da ciki. Rage cikin riga aiki ne na ɗan lokaci a wurin kowane tela, amma kafaɗar kwat in ta gaza, sai dai a warware ta gaba ɗaya, kuma kuɗin ya fi na sayenta. In wando ne, bi cinya da mazaunai, a rage ƙugu. Sai dai ragin ƙugu yana da iyaka: in ya wuce kamar inci 2, aljihunan baya za su matso su haɗu a tsakiya, kowa ya gane. Don haka kada ka sayi kwat da wando a haɗe in kana iya samunsu daban-daban. Ka riƙe tef naka, ka san awonka, ka rubuta a takarda: wuya, kafaɗa, ƙirji, ciki, ƙugu, zagayen hammata, damtse, tsawon hannu, mazaunai, cinya, hantsa da tsawon wando. In ka je wurin tela, ka sa ya auna damtsenka kana lanƙwashe da hannu, ya auna cinyarka kana zaune, ka roƙi a bar rarar yadi a cikin ɗinki don gaba, ka kuma nemi a yi maka gwaji kafin a kammala. Telan da ya ji haushin wannan, ka ɗauki yadinka ka yi gaba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya san zai kare kundi a ƙarshen zango, kada ya kai ɗinki ana saura mako biyu salla.

Amma wannan duk dabarun zama da ciwo ne. Muna da bukatu, kuma ga su a fili.

Na farko, ga Ƙungiyar Ɗalibai. Maimakon kashe kuɗinmu a buga riguna masu hoton shugabanni, waɗanda duk lamba ɗaya ake yo su, a tattauna da teloli biyu ko uku da aka shaida aikinsu, a ba su wuri a kasuwar makaranta bisa sharaɗin cikakken awo, da gwaji, da cika alkawari, da farashin da ɗalibi zai iya.

Na biyu, ga masu kula da wasanni a manyan makarantu. A auna 'yan wasa kafin a sayo kayan wasa. Abin kunya ne a tura mai jifan dalma ko mai tsaron gida ya wakilci makaranta da rigar da ta tsaya masa a cibiya, alhali awon tawaga duka bai fi aikin yini ɗaya ba. Haka ma duk inda ake raba kaki ga matasa: tambayar awo a takardar rajista ba ta cin ko kwabo.

Na uku, ga shugabannin sassa da masu ɗaukar ma'aikata. A rubuta ƙarara cewa kaftani da hula masu tsabta sun wadatar a wurin kare kundi da ganawar neman aiki. Inda sana'a ta wajabta wata tufa ta musamman, a faɗa tun da wuri. Inda ba ta wajabta ba, a daina barin raɗe-raɗi yana tilasta wa 'ya'yan talakawa aro da cin bashi.

Na huɗu, ga telolinmu da ƙungiyoyinsu. Ku koya wa yaran shago awon jiki sosai, ku dawo da hikimar yankan da, ku haɗa ta da ta zamani. Ku ne kuke riƙe da abin da masana'antun ƙetare ba za su iya ba, wato ganin mutum ido da ido. In kuka yi sakaci da wannan, dila za ta cinye ku kamar yadda fasa-ƙwauri ya cinye masaƙa.

Na biyar, ga 'yan'uwanmu masu karatun fasahar saƙa da zane da ƙididdiga. Ga aikin bincike a ƙofar ɗakinku. Ku ɗauki tef ku auna samarin Samaru da Kabuga da Dundaye, manoma da maƙera da mahauta da ɗalibai, ku fitar mana da jadawalin awo na jikinmu, wanda duk mai son kafa masana'antar ɗinki zai dogara da shi. Wannan ya fi kundin da za a kwafo daga intanet a ajiye ƙura ta ci.

Daga ƙarshe, ga ɗan'uwanmu da ke yawon aron kwat a daren nan, muna cewa: ɗaga kafaɗarka. Ba ita ta yi laifi ba. Gobe ka sa kaftaninka fari, ka karya hularka, ka shiga ka nuna allo da hannu a sake. In wani malami ya tambaye ka ina kwat, ka gaya masa cikin ladabi cewa ba a yanka ta da awonka ba, sannan ka roƙe shi a koma kan babi na ɗaya.